Tabon Gadu a Ƙafar Baba

Ina 'yar shekara tara, wata la'asar a gidanmu na unguwar Misfala a ƙasa mai tsarki, Baba yana zura 'ya'yan carbin da yake sayar wa alhazai, sai Sani, ɗan ƙanensa, ya kira ta bidiyo daga ƙauye. Gadu ya addabi gonar rogonsa, ranar zai yi masa kwanto.

"Wane harsashi gare ka?" in ji Baba.

"Na barewa mana."

"Mai ƙananan ƙwayoyin nan? Susa za ka yi masa, ya juyo kanka. Gadu sai mai dalma guda. Jira ranar kasuwa ka saya."

Sani ya yi dariya. "Baffa, kai da ka shekara ashirin a garin da ko tattabara ba a jifa?"

Baba ya miƙo mini wayar, ya naɗe wandonsa. Daga ƙauri har gwiwa wani tabo ne mai zurfi, ban taɓa ganinsa ba. Na haska wa Sani tabon.

"Da na barewa na harba," Baba ya ce a hankali.

Har yau ina ƙaunar taushin muryar nan.

Can Sani ya nisa. "Bar shi ya ci rogon, Baffa. Sai ranar kasuwa."