Katin Asibitin Reluwe

Kun taɓa ganin yarinya ta tambayi katin asibiti kafin ta ce tana so? To haka Afiniki ta yi wa Kumai ma'aikacin reluwe a tashar Kafanchan, ranar da ya ce zai turo iyayensa.

"Da gaske matanku kyauta suke haihuwa? Yayata sai da aka sayar da akuya aka biya asibitin mishan."

Ya ciro katin ya nuna mata, amma ya tuna bara fa ta ƙi shi.

"Ni kike so ko katin?"

Ta gyara zani a kan cikinta da ya ɗan taso. "A yi bikin kafin Kirsimeti."

Shi kuwa ko hannunta bai taɓa riƙewa ba. Ya mayar da katinsa aljihu.

Don Allah ku miƙa wa samari su karanta.