Darasin Ranar Alhamis

"Sake rubutawa," in ji Nurten Hanim, uwar gidan. "A Turkanci aikatau ne ke zuwa ƙarshen jimla, a wutsiyarsa ake liƙa wanda ya yi aikin. Ke kullum sai ki yar da wutsiyar!"

Lali ta goge hannu a zane ta ɗauki biro. Wata biyu ke nan da zuwanta Bursa ta ƙasar Turkiyya daga Jojiya don jinyar Rasim Bey, surukin Nurten, tsohon da ya shekara uku a kwance. Kashi da fitsari da gyambon baya duk nata ne. Ɗakin wari yake kamar kwatar mahauta, turaren lemon tsamin da Nurten ke yayyafawa ƙara tayar da zuciya kawai yake yi. Magani ne kaɗai ba a bari ta taɓa, yana cikin akwati, makullin a wuyan uwar gida.

An gaya wa Lali in ba ta iya harshen ba kafin bazara, jirgi za a saka ta a mayar da ita gida. 'Ya'yanta biyu kuwa da wannan aikin suke ci. Shi ya sa da Nurten, matar da ko shayi ba ta taɓa miƙa mata ba, ta ce za ta koya mata kyauta, har hannunta ta sumbata.

Jimla ɗaya suke juyawa, adadin kawai ake canjawa: "Na ba Rasim Bey ƙwaya ɗaya." Litinin aka koyi ɗaya da biyu. Alhamis aka kai takwas.

"Ba a littafi ba, ƙanwata," in ji Nurten ranar Alhamis ɗin, "ga farar takarda. Sa kwanan wata, ki sa hannu a ƙasa. Haka 'yan makarantarmu ke yi."

"Yaya, yau na yi daidai?" in ji Lali.

"Ko kuskure ɗaya babu."

Da safiyar Juma'a tsohon bai farka ba. Lali ta yi kuka na gaske, ita kaɗai a gidan. Tana wanke zanin gadonsa na ƙarshe, Nurten na tuƙa alewar sadakar mamaci a kicin tana fyace hanci don maƙwabta su ji, sai aka buga ƙofa.

Ɗan sanda ne. Nurten ta ɗaga cokalin alewar ta nuna masa Lali. A hannunsa takarda ɗaya ce tak, ta ranar Alhamis, mai ƙwaya takwas da sa hannun Lali, ko kuskure ɗaya babu.