Takardar da Ta Riga Keke

Malam Gwadabe ya manta takardar allurar shanu a rugar Umaru, a ƙarƙashin ƙwaryar da ya sha fura. Bai tuna ba sai da ya jingine kekensa a zauren gidansa a Tudun Wada, mil tara daga bakin dajin Falgore.

Ya shiga tsakar gida yana tsaki. Sai matarsa Luba ta fito daga ɗakinta ta miƙa masa takardar, a naɗe yadda ya bar ta.

"Daga ina?"

"Daga rugar Umaru. Tun ɗazu."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya ɗaga mata hannu. Malam Gwadabe ba ya son a katse masa tunani, ga shi kuwa tunani ya zo masa babba. Mutum ya bar ruga bayan tafiyarsa, a ƙafa, ya riga keke isowa gari.

Shi malamin hakimi ne, kuma a wuyansa aka rataya gasar tseren gundumomin kudu. Shekara uku a jere mutanen Bebeji da na Kiru suna raba kyaututtuka, na Tudun Wada suna isowa ana naɗe igiya. A farkon shekarar nan ta 1954 hakimi ya kira shi ya ce, "Keken nan an ba ka shi ne don ka zaga ka nemo masu gudu. In bana ba mu shiga ukun farko ba, ka dawo da shi." Malam Gwadabe kuwa yana ƙaunar keken nan ƙwarai. Kullum sai ya goge shi sau biyu.

Ya zauna ya sha sabon kindirmo da Luba ta kawo masa, bai tambayi inda ya fito ba. Washegari da sassafe ya koma ruga.

Bayan an gaisa, an tambayi shanu da iyali, ya ce, "Baffa, wa ya kai mini takarda jiya?"

Tsoho Umaru ya kau da kai, ya shiga tonon ƙasa da sandarsa, ya ce bana ruwa ya yi jinkiri.

Malam Gwadabe ya yi murmushi. Ai ya san Fulani, kuma yana alfahari da sanin. Bafulatani ba ya kama sunan ɗan farinsa, balle ya yabe shi a gaban baƙo. Shirun nan ya ishe shi amsa. Ya tambayi maƙwabci wane ne babba a samarin gidan, aka nuna masa Hamman, dogo siriri, yana kwance maruƙa.

"Malam, ni ban iya gudu ba," in ji Hamman. "A gidan nan ma dariya ake mini."

Kunya ce, in ji Malam Gwadabe a ransa. Ya ƙara ganin girman gidan.

Mako shida suka yi suna horo. Malam a kan keke, Hamman a baya yana haki. Ko sau ɗaya bai wuce keken ba. Malam Gwadabe ya gane wannan ma: ɗan mutunci ba zai sha gaban babba ba. Ya gaya wa hakimi ya samo mutum. Ya gaya wa mahauta, ya gaya wa wanzami, har liman ya ji. Luba kaɗai bai gaya wa ba, tun da gudu ba zancen mata ba ne.

An yi gasar a wani fili kan hanyar Kano, mil goma daga gari. Aka ba Hamman gajeren wando, ya sa, ya tsaya yana rufe gwiwoyinsa da hannu. Maza suka cika gefen fili. Can bayan igiya mata suka jera ƙorensu na fura da nono, ba mai dubansu sai wanda ƙishirwa ta kama.

Aka busa usur. Mil uku za a yi. Malam Gwadabe ya jira Hamman ya ajiye kunya a zagaye na farko, bai ajiye ba. Ya jira a na biyu. A na ƙarshe ya daina jira. Cikin mutum takwas, Hamman ya zo na biyar, ya zube a ƙasa yana neman ruwa.

Dogarin hakimi ya matso a hankali ya ce gobe da safe a kawo keke, da famfonsa.

Malam Gwadabe ya hau, hawan ƙarshe. Baƙin ciki ya sa ya taka shi yadda bai taɓa yi ba. Bai tsaya ba, bai amsa gaisuwar kowa ba, don yana so labarin ya fito daga bakinsa kafin gari ya ɗauka.

Ya tarar da Luba a tsakar gida tana dama fura.

"Sannu da zuwa," ta ce. "Na biyar ai ba laifi. An ce ya yi ƙoƙari."

Ya tsaya cak. "Wa ya gaya miki?"

"Balaraba mai kawo mini nono. Ta je kallon ƙanenta Hamman, ta tsaya har aka gama, sannan ta taho. Har ta huta ta tafi." Luba ta ci gaba da damu, ba ta ɗago kai ba. "'Yar farin Umaru mana, wadda ta kawo maka takarda rannan. Malam, wane namiji ne zai shigo har ɗakina?"