Motar Auta Ta Koyi Hawan Tudu

Da tsohon makaniken ya sa injin yanka a ƙasan jar motar, sai da maƙwabcinsa mai walda ya dafe kai.

"Haba dattijo! Lafiyayyar mota za ka farke wa ciki? Auta ta sani kuwa?"

"Za ta sani ranar da ta hau," in ji tsohon, ya ci gaba da yankansa.

Auta ce ƙaramar 'yarsa, kuma tun rasuwar mahaifiyarta ita kaɗai ke tunawa da shi. Yayyenta kam sai dai ya ji labarinsu a bakin mutane. A birni take da mijinta. Motarta 'yar ƙarama ce mai ƙofa biyu, irin ta 'yan tsere, cikinta kamar zai shafi ƙasa. A kwalta ba a kama ta. Amma gidan tsohon da garejinsa a kan tudu suke, hanyar kuma laka ce zalla, ruwa na sauka ta zama santsi.

Da rani Auta ta ce aiki ya riƙe ta. Da damina ta ce, "Wallahi Baba ina son zuwa, motar ce ba ta iya hanyarku." Aiki dai ba shi da maganinsa. Amma mota ta kasa hawan tudu? Ai wannan sana'arsa ce.

Sai ga shi gab da faɗuwar damina ta kawo motar da kanta, ta ce ya ajiye mata, ya duba ta tsaf. Ta miƙa masa makullan duka biyu. An share cikin motar tas, ko 'yar tsanar da ke lilo a madubi babu, har ya yaba mata tsabta. Da za ta tafi ta riƙe hannunsa mai baƙin mai, ta daɗe ba ta saki ba, tana hawaye. Ya tsokane ta da cewa ta gado uwarta wajen arhar kuka. Mijin yana cikin tasi a bakin ƙofa yana duba agogo.

Ciwon motar a fili yake: tayoyin gaba ne kawai ke ja, na baya rakiya suke yi. To shi zai sa duka huɗun su ja, ya ga ƙaryar laka.

Faɗa da baki sauƙi ne. Ya yi ta yawo wurin masu matattun motoci har ya samo akwatin giya da aksil, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya, waɗanda za su yi daidai. Ya tsaga ƙasan motar don doguwar sandar da za ta kai ƙarfin inji baya ta sami wurin wucewa. Tankin mai ya tare hanya, ya matsar da shi. Salansar fitar da hayaƙi ta ƙi zama, ya lanƙwasa ta. Ya ɗan ɗaga motar kada cikinta ya riƙa kwasar ƙasa. Bayansa na ciwo, idonsa ba kamar da ba, noti ya faɗi sai ya lalube shi da hannu yana tsaki.

In mai walda ya tashi, garejin sai ya yi tsit. Tsohon ya zauna a kan tsohuwar taya ya ci abincinsa shi kaɗai, yana yi wa motar hira. Kaɗaici ya ishe shi, gaskiyar magana ke nan. Gida mai ɗaki huɗu, amma ba muryar da yake ji sai tarinsa.

Layin Auta ya daina shiga, ya ɗora laifin a kan tudun. Ita ke kiransa jefi-jefi da wata doguwar lamba. Rannan rana har ta yi sanyi ta kira ta ce, "Ina kwana, Baba?" Ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce barcin 'yan birni ya yi yawa. Sirrinsa kuwa bai fasa ba.

Ranar da aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya sauka da motar har gindin tudun, ya juyo ta, ya yi bismilla, ya taka. Gaba ya ja, baya ya tura. Laka ta yi ta fallatsi hagu da dama, jar motar ta haura ko gezau, sai ƙofar gareji. Mai walda ya yi ta tafi a cikin ruwa. Tsohon ya kifa goshi a sitiyari, ya daɗe bai ɗago ba.

Da ta sake kira ya ce mata mota ta shirya.

"Madalla, Baba. To sai ranar Asabar. Amma akwai maganar da nake ta so in..." Layin ya yanke.

Ya share ɗakinta, ya sake zanen gado, ya wanke labule. Asabar tun da safe ya goge motar har tana ɗaukar ido, ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya tsaya a bakin hanya.

Wani mutum ne ya hauro a ƙafa, ya naɗe wando, takalmansa duk laka. Tsohon ya leƙa bayansa, ba kowa. Mutumin ya gaishe shi da ladabi, ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙasanta, ya miƙe fuska a yamutse.

"Baba, wa ya ɗaga ta haka? Me aka sa mata a baya?"

"Ni ne nan," in ji tsohon, yana murmushi. "Yanzu taya huɗun ke ja. Ko ruwan kwana aka yi, 'yata za ta iya zuwa gida ta gan ni. Tana tafe ne a baya?"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Baba, ni ne na sayi motar, tun kafin ita da mijinta su koma ƙasar waje da zama. Ba ta faɗa maka ba?"