Hular da Ba Ta Jiƙe Ba

Jiya ɗana ya nuna min bidiyon wasu mutane a kwalekwalen roba, ruwa yana wurgi da su tsakanin duwatsu, suna shewa. Wai shaƙatawa ce, yana son zuwa. Ni kuwa ƙamshin sabulun wankin Baba ne ya dawo min.

Ina 'yar shekara bakwai na kai masa abinci rumfarsa ta wankin hula, a bakin kanal, wato babbar magudanar ruwa, a Agege. Aka kece da ruwa. Kafin ya ɗauke kanal ya ɓalle, ya cinye layinmu, rumfar ta fara motsi.

Baba ya zubar da hulunan mutane daga bahon wanki, ya saka ni ciki, ya ɗaure bahon a ƙugunsa da igiyar shanya. Ya cire hular kansa ya miƙo min.

"Riƙe min, uwata. Idan ta jiƙe, ni da ke ne."

Bahon ya yi ta juyi. Ruwa ya kai wa Baba wuya, sau biyu kansa yana ɓacewa. Ina ihu, amma hannuna biyu na cikin hijabi, ƙanƙame da hular. Ban miƙe ba, balle in kifar da bahon.

Da muka kai tudu na miƙa masa ita a bushe. Ya karɓa ya mayar da ita kansa. Nan na ji yana gaya wa maƙwabcinmu bai iya iyo ba.

Na mayar wa ɗana wayarsa. Na ce ba da yawuna ba.