Zafin Da Ya Taso Daga Ƙasan Mota

Tanimu, kai da komai ya faru sai ka ce ai haka lokacin yake, gyara zama in ba ka misali.

Wani manomi ya noma shinkafa a wata fadama can cikin daji. Ya yanke, ya sussuke, ya ɗura a buhuna, ya jibge su a masussuka, tsakiyar tulin kara da ƙaiƙayi busassu ƙamas. Abincin gidansa na shekara ke nan kaf, ba shi da wani rumbu a gefe. Ya nemo direban wata akori-kura irin mai shiga daji, wadda tayoyinta huɗu duk suke ja, don a kwaso masa. Shi direban nan yana da wata ɗabi'a da abokan sana'a suke yi masa tsiya a kai: da ya shiga mota sai ya tuɓe silifa, ya taka totur da tafin ƙafa. Suka kama hanya da hantsi, hanyar da sunanta kawai hanya, gamba ta bushe ta fi motar tsayi, suna kutsawa tana kwantawa a ƙarƙashinsu. Can da rana ta take sai cikin motar ya ɗauki zafi. Manomi ya share gumi da hula, ya ce rana ce, a sauke gilashi. Aka sauke. Direba dai shi ba a ka yake jin zafin ba, a diddige yake ji, rana kuwa tun da Allah Ya halicce ta daga sama take dukan mutum. Ya dubi allurar zafin inji, tana nan tsakiya inda ta saba. Da wani ne sai ya ce alhamdu lillahi ya ƙara wuta. Shi ko da suka iso wani busasshen rafi, ga masussukar can a tsallake ana hango buhunan, sai ya tsayar da mota a tsakiyar yashi, nesa da ko tsinke, ya kashe inji. Ran manomi ya ɓaci, ya ce, "Haba direba, ga ƙoshi ga kwanan yunwa? Ga kayana can ina kallo!" Direba ya ce, "Yi haƙuri, Baba. Motar da ban san abin da ke damunta ba, ba na kai ta cikin kara."

Ya fita ya buɗe bonet. Fanka lafiya lau, bel bai tsinke ba, ba inda ruwan lagireto yake ɗiga. Ya dafa rufin motar, zafin rana ne na yau da kullum. Ya dawo ciki ya lalubi robar da ke gindin sandar giya, ko ta yage tana shigo da hucin inji, ya same ta garau. Manomi yana tsaye yana tsaki, yana duban rana. Daga nan direba ya yi abin da har gobe in na tuna sai na jinjina kai: ya yaye shimfiɗar robar da ake taka ƙafa, ya ɗauko butarsa ta alwala, ya yayyafa ruwa a kan ƙarfen ƙasan motar tun daga wannan ƙofa har zuwa waccan, ya tsugunna ya zuba ido. Ko'ina ruwa ya kwanta abinsa, sai wuri guda kusa da inda diddigensa yake zama, nan ruwan ya yi cuu ya ƙafe kamar an ɗiga a kaskon tuya. To, ka ga ya san ɗakin da ɓarawon yake. Ya kwanta rigingine a kan yashi, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin motar. Ashe farantin ƙarfen nan da ke kare ƙasan mota daga duwatsu shi ya yi ta sharo busasshiyar ciyawa tun safe, yana cusa ta, har ta danƙare jikin bututun salansa tamau. Daga waje fara ce sol, ba ko hayaƙi, don ta matsu ba ta samun iska. Ya ari laujen manomi ya sagalo curin ya jawo. Cikinsa baƙi ƙirin. Yana faɗowa kan yashi, iska tana taɓa shi, sai fuu, wuta ta tashi har ta lashi gashin hannunsa.

Manomi ya dubi wutar, ya ɗaga kai ya dubi tulin karan da ke kewaye da buhunansa, inda da tuni motar tana tsaye a kai. Ya zauna daɓas a yashi yana salati. Direba kuwa ko kalmar gori bai yi masa ba. Ya tura yashi da ƙafa ya binne wutar, ya koma ya tsince sauran ciyawar tsinke-tsinke, ya jira ƙarfe ya huce. Da suka tsallaka ma sai da ya share wurin da zai tsaya tukuna. Shinkafa ta kwana a gida, ko buhu ɗaya bai yi ƙauri ba.

Wallahi Tanimu, mutumin nan yana burge ni. Amsa tana nan a bakin kowa, mai sauƙi, har da gaskiya a cikinta, don ranar ta yi zafi ba ƙarya. Amma ya ƙi karɓarta sai da ya kwanta a ƙasa ya gani da idonsa. Shi ya sa Hausawa suka ce, ruwa ba ya tsami banza.