Wanda Ya Gina Kasuwar

Ranar Litinin aka haska kasuwar a babban allon ɗakin taro, ma'aikata suka tafa wa Injiniya. Ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. A gaskiya, wannan ne karo na biyu da ya ga kasuwar da idonsa.

Kasuwa ce ta duniyar intanet, irin wadda mutum ke sa tabarau na musamman ya shiga ya yi ta yawo alhali yana zaune a kujerarsa. Rumfa ɗari da ashirin, da layin 'yan yadi, har da benci na mazan da suka rako matansu.

A da kamfanin shafukan intanet yake haɗa wa mutane, aikin da Injiniya ya shekara bakwai yana yi. Da zamani ya juya aka koma ginin da ba siminti, Manaja ya tambayi ma'aikata wa ya iya. Injiniya ya ɗaga hannu. A makon an sallami mutum uku, matarsa kuma tana da cikin wata shida.

Bai iya ba. Ya gwada gina ɗaki ɗaya, ƙofar ta fito a rufin.

Sai ya shiga wani dandalin intanet na masu neman aikin ƙwadago, ya haɗu da wani mai kiran kansa Kunkuru. Ba hoto, ba murya, sai rubutu. Ranar Juma'a idan an tashi Injiniya zai tura masa aiki, safiyar Litinin ya tarar da gini tsaf, ya ɗan yanka masa wani abu daga albashinsa. Kunkuru ba ya amsa saƙo a lokacin aiki, ba ya surutu, bai kuma taɓa tambayar me masu ginin suke so ba. Kafin a gama bayani ya gane. Haka suka yi wata goma sha ɗaya.

Sunan Injiniya ya fito. Mahaifiyarsa ta gaya wa maƙwabta kaf cewa ɗanta ya gina kasuwa, sannan ta kira shi ta tambayi yaushe zai zo ya duba bangon kicin ɗinta da ya tsage.

Manaja dattijo ne mai 'ya'ya mata huɗu a jami'a, kuma duk ranar Litinin sai ya yi gyangyaɗi a taro. Mutum ne da yabo ke yi wa nauyi a baki. Amma idan aka zo kan aikin Injiniya, sai idonsa ya buɗe.

"Ku dubi bayan rumfa ta arba'in," in ji shi. "Har magudanar ruwa aka yi. Wannan shi ne aiki."

Injiniya ya gyaɗa kai. Bai san da magudanar ba. Ruwa ma ba ya sauka a kasuwar.

Kafin a watse Manaja ya ba da sanarwa. Attajirar da aka gina wa kasuwar ta yaba sosai, tana so ta gana da maginin. Ranar Laraba da ƙarfe goma kowa zai sa tabarau a shiga kasuwar, ta riƙa nuna wuraren da take so a gyara, shi kuma yana gyarawa a gabanta. In ta gamsu, za ta ba kamfanin ginin gari guda.

Aka sake tafi.

Injiniya ya rufe kansa a banɗaki ya rubuta wa Kunkuru. Dabarar mai sauƙi ce: Kunkuru ya shiga da sunansa da surarsa ya yi gyaran, shi kuma ya zauna a teburinsa da tabarau yana motsa hannu.

Sai bayan an tashi amsa ta zo. "Laraba ƙarfe goma ina da taro a wurin aiki. Ba zai yiwu ba."

Ya roƙe shi don Allah, don Annabi, don darajar iyaye.

"Dole a gan ni a wurin," in ji Kunkuru.

Safiyar Talata Injiniya ya zauna koyon abin da ya ce ya iya. Zuwa azahar ya gina rumfa guda, tana shawagi a sama da ɗan nisa daga ƙasa. Ya kira matarsa ya zayyana mata komai. Ta saurara, jaririya na kuka a bayanta.

"Maigida, ramin ƙarya ƙurarre ne," ta ce. "Gara ka faɗa da bakinka da a ji a gaban baƙuwa."

Bayan la'asar ya tattara kayan teburinsa cikin leda, don kada ya dawo ɗauka a gaban mutane. Ya ƙwanƙwasa ofishin Manaja.

"Yallaɓai, ba ni na gina kasuwar nan ba."

Ya faɗi duka: ƙofar da ta fito a rufi, dandalin, wata goma sha ɗaya. Ya ce ya amince da duk hukuncin da za a yanke, sai dai a tausaya wa iyalinsa.

Manaja bai ɗaga murya ba. Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, ya tashi ya leƙa waje, ya tura ƙofa ya murza makulli. Ya dawo ya zauna.

"Mayar da kayanka kan tebur," ya ce. "Gobe zan ce zazzaɓi ya kwantar da ni, sai in shiga daga gida da sunanka. Ka turo min kalmar sirrinka, amma ta can inda ka saba turo min aiki."